Gizo a Gaban Zaki: Tarihin Gatse da Habaici a Gajerun Labaran Hausa, Daga Tasawa da Mayahi Zuwa Zariya

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Gulbin Kaba, tsakanin Mayahi da Tasawa, ya san yadda dare yake idan an gama ɗaurin damman hatsi. An ci tuwo, wuta ta lafa a murhu, yara sun kewaye tsohuwa a tsakar gida, manya kuma suna gefe kamar hankalinsu ba ya wurin. Tun ina yaro na lura da wani abu wanda ban gane ba sai da na girma. Idan kakarmu tana ba da gatanar Gizo, inda mu yara muke dariya daban, inda iyayenmu suke dariya daban. Mu tsamin bakin Gizo da faɗuwarsa suke ba mu dariya. Su kuwa sai Gizo ya durƙusa gaban zaki yana zuba masa kirari, sannan za ka ji wani ya yi ƴar dariya ƙasa-ƙasa, wata ta gyara murya. Labari ɗaya ne, amma kunne biyu yake nema.

Wannan maƙala tana bin sawun kunne na biyun ne. Za ta duba yadda gatse da habaici suka samu gindin zama a gajeren labarin Hausa, da dalilin da ya sa mutanen wannan yanki suka buƙace su, da abin da ya same su lokacin da labarin ya tashi daga bakin tsohuwa ya hau takarda. Batun yana da muhimmanci a yau, domin gajeren labari ya sake farfaɗowa a hannun matasan marubuta, kuma akwai fargabar su gaji gangar jikin gatana su bar ranta a baya.

Kalmomin da Bahaushe ya tanada

Inda Bature yake da kalma ɗaya ko biyu, Bahaushe ya tanadi kalmomi da dama, kowace da iyakarta. Gatse shi ne faɗin abu ana nufin kishiyarsa. Yaro ya fasa tukunya, uwa ta ce masa, "Madalla, ka kyauta, ɗauko ɗayar ma ka fasa." Habaici shi ne jifa ba tare da kiran suna ba. Ana sakin magana a cikin taro, wanda ya tsargu ya ɗauka, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gugar zana da shaguɓe ƴan uwan habaici ne, sai dai sun fi shi matsowa kusa da wanda ake nufi. Zambo kuwa ba ya ɓoyewa. Yakan kama mutum da sunansa ko da siffarsa ya muzanta shi, kuma makaɗan fada sun daɗe suna amfani da shi a kan abokan hamayyar ubangidansu. Ba'a ita ce wadda ake yi don a yi wa mutum dariya ido da ido.

Bambancin da ya fi shafar labari shi ne na ƙofar fita. Mai gatse da mai habaici suna barin ƙofa a buɗe, ta yadda idan aka tuhume su za su ce ai ba haka suke nufi ba. Mai zambo ya rufe ƙofar da hannunsa, shi ya sa yake buƙatar ubangida mai ƙarfi a bayansa. Talaka ba shi da wannan gatan, don haka ya fi karkata ga na farkon.

Karin magana ma cike take da irin wannan. Idan aka ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki, an ba da cikakken labari a numfashi guda: ga murna a farkon magana, ga abin kunya a ƙarshenta. Haka kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗannan su ne mafi gajartar gajerun labaranmu.

Ƙasar da ta koyi magana a karkace

Me ya sa wannan salo ya yi ƙarfi a nan? Amsar tana cikin tarihin yankin. Bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya fara a 1804, Birnin Katsina ya faɗi wajen 1807, Alƙalawa ta Gobir kuma a 1808. Gidan sarautar Katsina ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Tasawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita suka samu kansu a tsakiya: Maraɗi da Gobir a yamma, Damagaram a gabas, daular Sakkwato a kudu, ayarin Abzinawa masu gishirin Bilma suna saukowa daga arewa. A cikin irin wannan ayari ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Tasawa a watan Janairun 1851, ya tarar da gari mai kasuwa da walwala. A ƙarshen ƙarnin rikicin sarauta ya raba gidan Katsina na Maraɗi, har Sarki Mijinyawa ya koma Tasawa da zama. Manomin da yake zaune a irin wannan wuri ba ya sanin wa zai karɓi haraji baɗi. Dole ya iya gaishe da kowane mai doki, kuma dole ya samu inda zai ajiye abin da ke ransa.

Sai shekarar 1899 ta zo da abin da ya fi na baya. Rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta taso daga bakin Kwara tana ƙona garuruwa, ta bi ta Lugu da Birnin Ƙonni, har ta shigo ƙasar Tasawa. Labarin ta'asarta ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragamar rundunar. Ranar 14 ga Yuli, ranar da Faransa take bikin ƴanci da daidaito, Voulet ya sa aka harbe Klobb kusa da Dankori, ya kuma shaida wa mutanensa cewa shi ya bar zama Bafaranshe, daular kansa zai kafa. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙaƙen fata suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi, gabas da Tasawa a kan hanyar Damagaram. Waɗanda suka zo da sunan wayar da kai sun kashe babbansu, yaransu sun kashe su. Mutanen da suka ga wannan da idonsu ba sa buƙatar malamin da zai koya musu ma'anar reshe ya juye da mujiya.

Mulkin da ya biyo baya bai sassauta wa baki ba. Tasawa ta zama mazaunin kwamandan Faransa kafin a mayar da cibiyar zuwa Maraɗi a shekarun 1920. A ƙarƙashin dokar da aka keɓe wa ƴan ƙasa, kwamanda yana iya kulle mutum har kwana goma sha biyar ba tare da shari'a ba, ga lanho, ga aikin tilas, kuma ba a soke wannan doka da aikin tilas ba sai a 1946. Bahaushe ya ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Ko yunwa ma ba ta tsira daga wannan ba. Ta 1913 zuwa 1914 an kira ta Kakalaba, ta 1984 kuma, da ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, mutanen Maraɗi suka laƙaba mata El-Buhari, kamar wata ɗiya da aka haifa aka raɗa mata suna.

Yadda gatse yake aiki a cikin gatana

Bari mu ɗauki labarai uku da kusan kowane Bahaushe ya sani, ko da yake kowane gari da yadda yake ba da su.

Na farko shi ne rabon dila. Zaki da kura da dila sun fita farauta, suka kamo sa da barewa da zomo. Zaki ya ce wa kura ta raba. Kura ta ba zaki sa, ta ɗauki barewa, ta bar wa dila zomo. Zaki ya kai mata mari, fatar kanta ta saluɓe, jini ya rufe. Ya juya ga dila ya ce shi ya raba. Dila ya ce sa na abincin ranar sarki ne, barewa ta dare, zomo kuma sarki ya taɓa kafin abinci ya sauka. Zaki ya ji daɗi, ya tambaye shi inda ya koyi wannan adalci. Dila ya ce daga jar darar da ke kan kura. An san irin wannan labari a littattafan Larabawa da na tsoffin Girkawa, amma a bakin Bahaushe ya samu gida. Babu kalma ɗaya ta zagi a cikinsa. Zaki ya ji yabo, mai sauraro ya ji tuhuma, kuma kalmar adalci da zaki ya furta da bakinsa ita ce ta kashe shi a idon jama'a.

Na biyu shi ne gayyar Gizo. Gizo ya gayyaci kaza da muzuru da kare da kura da damisa da zaki noman gonarsa. Kowa ya tambaye shi ko ya kira abokin gabarsa, Gizo ya rantse bai kira ba. Kowa ya zo ya yi noma, da ya hango wanda yake tsoro sai ya ɓuya, Gizo kuma ya nuna maɓoyarsa da baki. A ƙarshe gona ta nomu, ƴan gayya sun cinye juna, Gizo ya kwashi nama. A nan gatsen yana cikin abin da mai sauraro ya sani wanda ƴan gayya ba su sani ba. Duk lokacin da Gizo ya ce wa wani sannu da aiki, yara da manya sun san abin da ke tafe. A ƙasar da gayya take ginshiƙin noma, labarin yana tambaya ne a kaikaice: wa yake cin amfanin gumin taro?

Na uku shi ne Gizo da hankaki. Hankaki suka ara masa gashi ɗaiɗai, ya tashi tare da su zuwa ɓauren da ke tsakiyar ruwa. Da suka isa, duk ɗan ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga ganinsa. Da suka gaji, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan itace, ruwa ta ko'ina. Wayon da ya kai shi shi ne ya tsare shi. Wannan yana nuna cewa gatana ba ta ɗauki Gizo gwarzo ba. Tana dariyar mai ƙarfi ta bakinsa, sannan ta juyo ta yi dariyarsa.

Ya kamata mu yi hattara a nan. Waɗannan labarai sun girmi Faransa, ba a ƙirƙire su don wani kwamanda ko wani sarki ba. Ƙarfinsu yana cikin cewa kujerar zaki a buɗe take. Kowane zamani yana zaunar da wanda ya ga dama a kanta, kuma mai ba da labari ba ta ambaci kowa ba. Al'ada ta ƙara mata kariya: da dare ake yin gatana, an ce wanda ya yi da rana zai ɓata, a kan dabbobi ake yin ta, kuma a bakin mata da yara take. Idan ta zo rufewa, sai tsohuwa ta ce ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, ta kuma ƙara da cewa dama ƙaryar ce. Wa zai kai ƙarar wadda ta amsa da bakinta cewa ƙarya ta yi?

Lokacin da gatana ta hau takarda

Ɗaya daga cikin muryoyin farko da suka kai labaran Hausa ga ɗab'i ɗan wannan ɓangare na iyaka ne. Dorugu ɗan ƙasar Kance ne, gabas da Tasawa. An kama shi bauta yana yaro, Adolf Overweg abokin tafiyar Barth ya ƴanta shi, ya bi Barth har Tambutu, sannan ya je Ingila tare da shi a 1855. A can ya zauna da ɗan mishan J. F. Schön, yana faɗa ana rubutawa, kuma abin da ya faɗa ya shiga littafin Magana Hausa na 1885. A cikin tarihin rayuwarsa Dorugu ya bayyana al'adun Turawa da idon baƙo, cikin natsuwar wanda yake kallon abin mamaki bai ce komai ba. An ɗauko shi ne don a nazarci harshensa, sai ga shi yana nazarin masu nazarinsa.

Bayan mamaya sai tattarawa ta ƙaru. Tawagar Tilho, wadda ta yi aikin shata iyaka tsakanin yankin Faransa da na Ingila daga 1906 zuwa 1909, tana da tafinta mai suna Landeroin, wanda ya rubuta tarihin masarautun wannan yanki, kuma shi da Tilho suka fitar da littafin nahawu da tatsuniyoyin Hausa a birnin Faris a 1909. Mutanen da suka ja layin da ya raba Katsinawan Maraɗi da Katsinawan Birni su ne suka tattara labaran da ba su san layin ba. A kudu, Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, daga rubutun ajami na malaman Sakkwato da wasu wurare. A 1913 kuma Tremearne da Rattray suka fitar da nasu, na Rattray daga alƙalamin Malam Shaihu a ƙasar da ake kira Gana a yau.

Muna bin waɗannan littattafai bashin godiya, domin ba don su ba da yawa sun salwanta. Amma akwai abin da takarda ta kasa ɗauka. Manufar yawancin masu tattarawar ita ce jami'an mulki su koyi Hausa su kuma san halin waɗanda suke mulka. Waɗanda suka rubuta musu maza ne malamai, alhali gwanayen gatana mata ne. Gatse kuwa rabinsa a murya yake: jan wasali, ɗan shiru kafin kalma, tsamin bakin Gizo da yake sa kirarinsa ya zama abin dariya, da kallon da tsohuwa take yi wa wani a gefe. Da aka cire waɗannan, sai durƙuson Gizo ya zama durƙuso kawai. Jami'in da ya karanta rabon dila don ya ci jarrabawar harshe yana iya wucewa bai ga kansa a ciki ba. A rashin sani kaza ta kwana a kan dami.

Zariya da Abubakar Imam

Wanda ya nuna cewa alƙalami yana iya mayar da abin da murya ta tafi da shi shi ne Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 ya rasu a 1981. A gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta yi wa juna wayo daga gari zuwa gari. Wannan zubi yana da tushe a zaurukan malamai. Maƙamomi hamsin na Hariri, malamin Basra da ya rasu a 1122, sun daɗe cikin littattafan da ɗalibi yake karantawa don ƙwarewa a Larabci, kuma tauraronsu Abu Zaid mayaudari ne mai fasahar harshe, wanda yakan sa jama'a kuka da wa'azi sannan ya tafi da kuɗinsu. Ke nan gatse ya shigo rubutun Hausa ta ƙofa biyu, ta tsakar gida da ta zaure.

A Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939, Imam ya gina dukan littafin a kan gatse guda. Aku, tsuntsun da aka sani da maimaita maganar wasu, shi ne mafi hankali a fada. Da labarai yake tsare ɗan sarki Musa daga tarkon Waziri, har a ƙarshe shi aka naɗa waziri. Mai rauni ya yi nasara da baki kawai, kamar yadda sunan littafin ya faɗa. Imam ya ɗebo labaransa daga wurare da yawa, na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya sa musu rigar Hausa. A labarin Kalala da Kalalatu, matar ta cinye kajin da aka soya don baƙo, ta tsorata baƙon da wuƙar da mijinta yake wasawa, sannan ta ce wa mijin baƙo ya gudu da kaji. Kalala ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko ɗaya, baƙo kuwa yana zaton wani sashe na jikinsa ake nufi, ya ƙara mai. Mai karatu ne kaɗai ya san gaskiyar duka ɓangarorin. Abin da Imam ya gano shi ne, idan babu murya, sai a sa gatsen a cikin ginin labarin, a ba mai karatu sanin da ƴan cikin labari ba su da shi.

Arewacin iyaka

A Nijar hanya ta bambanta. Makarantar Faransa da Faransanci kaɗai take koyarwa. Yaron Tasawa da ya shiga lakwal yakan haddace labarin dila da hankaka na La Fontaine, inda dila ya yabi muryar hankaka don abin da ke bakinsa ya faɗo, ba tare da an ce masa wannan dilan shi ne malamin dajin da kakarsa ta sani ba. Idan ya yi nisa ya haɗu da Maupassant da labarinsa na 1884, na matar da ta aro sarƙa ta ɓatar, ta shekara goma tana biyan bashi, sannan ta ji cewa sarƙar ta jabu ce. Sai ya ɗauka wannan fasaha daga Faransa aka kawo ta. Marubutan Afirka ta Yamma da suka yi rubutu da Faransanci, irin su Birago Diop a 1947 da Amadou Hampâté Bâ da littafinsa na Wangrin a 1973, sun nuna cewa a gida take. Amma da harshen Hausa, littattafan Zariya ne suka riƙa tsallako iyaka a cikin kayan fatake.

Saboda haka gajeren labarin Hausa a nan ya ci gaba da rayuwa a baki, kuma hakan ya taimake shi ta wani gefe. Gidan rediyon Nijar da aka buɗe a 1958 ya mayar wa gatana muryarta. A zamanin mulkin soja na Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na samariya da irin ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram sun riƙa yi wa ma'aikaci mai cin hanci da alhaji mai fankama dariya a gaban manya, da salon nan na Gizo. Ta fuskar rubutu kuma, taron Bamako na 1966 ya daidaita haruffa, cibiyar tattara adabin baka ta Yamai ta fara aiki a 1968, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Boubou Hama ya buga tatsuniyoyin Nijar da Faransanci a shekarun 1970, Jacques Pucheu kuma ya fitar da na Hausawan Nijar a 1982.

Sai dai makaranta ta zo da nata cikas. Idan gatana ta shiga littafin karatu, akan liƙa mata darasi a ƙarshe: kwaɗayi mabuɗin wahala, ko a guji ƙarya. Darasin ba laifi ba ne, amma yana rufe kunne na biyu. Wane darasi za a rubuta a ƙarƙashin rabon dila? Wanda ya yi adalci an fasa masa kai, wanda ya yi fadanci ya tsira. Labarin yana faɗin yadda duniya take ne, ya bar hukunci ga mai ji.

Ɗaya gefen wuƙar

Zai zama rashin adalci a ce gatse da ba'a kullum sama suke harbi. A cikin tarin Edgar da sauran akwai labarai masu yawa da suke yi wa Bamaguje da Bagwari da Buzu da Bafillace dariya, akwai na makaho da kuturu da bawa da kishiya. A ƙasarmu, inda Anna masu bin al'adun gargajiya suka daɗe suna zaune tare da Musulmi, labarin arne da malam sananne ne. Wani lokaci arnen ne wawa, wani lokaci tambayarsa ta rashin sani ce take tona asirin malamin.

Abin da yake rage dafin irin waɗannan labarai a dandali shi ne ramuwa. Wasan taubasai da na ƙabilu, kamar na Bagobiri da Bazabarme ko na Bafillace da Babarbare, ya ba kowa izinin faɗa da izinin mayarwa, kuma an haramta fushi. Wannan al'ada ce hukumar UNESCO ta sa cikin jerin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014. A takarda kuwa, ko a wayar salula, wanda aka yi wa ba'a ba ya nan balle ya rama, kuma labarin yana isa hannun wanda bai san akwai wasa a tsakani ba. Abin da yake raha a Mayahi yana iya zama cin mutunci idan ya yi nisa da gida. Marubuci yana bukatar ya tambayi kansa ko wanda yake yi wa dariya zaki ne ko kuwa kura ce mai jini a ka.

Kammalawa

Tun daga tsakiyar shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya cika kasuwannin Maraɗi da Tasawa da littattafai, yawancinsu dogayen labaran soyayya. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta dawo da hankali kan gajeren labari, kuma ta sa shi a hannun mata, waɗanda dama su ne masu shi tun asali. A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ƙofar rubutu da Hausa a wannan ɓangare na iyaka ba ta taɓa buɗewa haka ba.

Matashin da zai shiga ta wannan ƙofa yana da abin rubutawa: tsadar hatsi, ƙaura zuwa Libiya da Aljeriya, filayen noma da suke ƙanƙancewa, alkawuran da ake yi wa ƙauye a manta. Zai ji sha'awar ya faɗi komai ƙarara, ya yi wa'azi a shafi na ƙarshe. Kafin ya yi haka, yana da kyau ya koma wurin tsohuwar gidansu, in tana raye, ya roƙe ta gatana. Kada ya tsaya ga rubuta kalmominta kawai. Ya lura da inda take yin shiru, ya kuma saurari inda manyan da ke gefe suke dariya.